Hutu a Tsibirin Zanzibar: Abin Gani da Guzurin Tafiya

A wurinmu mutanen zango, idan aka ce wane ya yi tafiya, to ɗaya daga cikin abu uku ne ya fitar da shi: ko fatauci, ko ziyarar dangi, ko kuwa sauke farali a ƙasa mai tsarki. Amma a ce mutum ya tara kuɗi ya hau jirgi don ya je tsibiri ya huta ya buɗe ido, wannan a ganin yawancinmu aikin Turawa ne da waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. To, zamani ya juya. Yanzu ƙannenmu da 'ya'yanmu masu aikin albashi sun fara irin wannan tafiya, har da angwaye da amare. Abin takaici shi ne da yawansu sukan dawo ba su da abin nunawa sai hotunan bakin ruwa da aljihu wayam, ba su san sunan unguwa ko ɗaya ba a garin da suka kwana bakwai a cikinsa.

Mu malaman makaranta huɗu ne muka yi adashi na shekara biyu, muka tafi Zanzibar a hutun watan Agusta na 2025, muka yi kwana tara. Abin da muke so mu isar ga duk mai niyya shi ne, tsibirin nan gari ne na mutane, kuma kusan dukkansu Musulmi ne kamarmu. Wanda ya shiga cikinsu da ladabi irin na baƙo, shi ne zai ci ribar kuɗinsa. Wanda kuwa ya kulle kansa a otal, da ma ya zauna a bakin ruwan Labadi ko Kokrobite, ya huta da kuɗin jirgi.

Ina ne Zanzibar?

Zanzibar tana gabashin Afirka, cikin Tekun Indiya, a ƙasar Tanzaniya. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja ita ce wadda baƙi suka fi zuwa, kuma ita ake nufi idan aka ce Zanzibar a taƙaice. Tsawonta daga arewa zuwa kudu kamar kilomita 85 ne, wato mota za ta ratsa ta cikin awa biyu zuwa uku. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran biyu sun kusa miliyan 1.9.

Abin da ya gina wurin nan iska ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, ita ce ke kawo jiragen katako masu zanen iska daga ƙasar Larabawa da Farisa da Indiya. Daga Afrilu kuma sai iskar kusi ta taso daga kudu ta mayar da su gida. Tsakanin zuwa da komawa sai fatake su yi watanni a tsibirin, su yi aure, su gina masallatai. Mai karatu da ya san yadda ayarin goro ya haifar da zangunanmu ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Wajen shekarar 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya baro Maskat ya mayar da fadarsa Zanzibar. A 1890 Ingila ta ɗora hannunta a kan ƙasar. An ba ta mulkin kai a Disamba 1963, aka yi juyin juya hali ranar 12 ga Janairu 1964 aka kori Sarki, sa'an nan ranar 26 ga Afrilu 1964 ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Har yau Zanzibar tana da nata shugaban da tata majalisar, shi ya sa ko daga Darussalam mutum ya tsallako sai an duba fasfonsa a bakin tasha.

Ba a fafa gora ranar tafiya

Daga Akra hanya mafi sauƙi ita ce ta Adis Ababa ko ta Nairobi, a canza jirgi a can zuwa filin jirgin saman Abeid Amani Karume da ke Unguja. Wanda ya sauka Darussalam kuma sai ya shiga jirgin ruwa mai gudu, tafiyar kamar awa biyu. Agogonsu yana gaban namu da awa uku.

Maganar takardu ita ce ta farko. Mu masu fasfon Gana ba a nemi biza a wurinmu ba. Amma 'yan'uwanmu na zango masu riƙe da fasfon Nijeriya ko Nijar ko Mali, su sai sun nemi izini tun daga gida, kuma amsar takan ɗauki makonni, saboda haka kada su sayi tikiti kafin ta fito. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Ban da wannan, tun daga 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshora daga kamfaninta, dala 44 kowane babban mutum, ko da kuwa yana da wata inshorar daban. Ana biya ta intanet kafin a tashi. Irin waɗannan dokoki sukan canza, don haka a sake tambaya kafin ranar tafiya. A kuma saurari labarai, domin zaɓen Oktoba 2025 ya zo da tarzoma a Darussalam da wasu garuruwa, har aka rufe intanet na kwanaki. Lokacin zaɓe ba lokacin yawon buɗe ido ba ne a ko'ina.

Na biyu, lokacin zuwa. Damina biyu gare su. Babbar, wadda suke kira masika, daga Maris ce zuwa Mayu, ruwa kamar da bakin ƙwarya, har wasu masaukai sukan rufe. Ƙaramar kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake da iska mai daɗi, kuma wannan ya yi daidai da dogon hutunmu na makaranta, sai dai a lokacin ne kuɗin ɗaki ke tashi. Janairu da Fabrairu akwai zafi sosai. Wanda zai je cikin azumi ya sani gidajen abinci da yawa a cikin gari ba sa buɗewa da rana, kuma ba a son ganin mutum yana ci a bainar jama'a.

Na uku, kuɗi. Sidi ba shi da amfani a can. A tafi da dala, sababbin takardu masu tsabta, domin masu canji ba sa son tsofaffi, a canza su zuwa shilin na Tanzaniya a cikin gari. Injunan cire kuɗi sun fi yawa a birni, a ƙauyuka kuwa sai an dace. Kada a sa kaya cikin baƙar leda irin tamu, an hana shiga da ita ƙasar. Sokitin wutarsu mai baki uku ne irin namu. Motoci kuwa hannun hagu suke bi, saɓanin namu, don haka mai tsallaka titi ya fara duban dama. A tafi da maganin sauro, a kwana cikin gidan sauro, kada kuma a sha ruwan famfo.

Birnin Dutse

Shawararmu ita ce kwana biyun farko a yi su a tsohon birni, wanda masu gari ke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Birnin Dutse. An gina shi da dutsen murjani da farar ƙasa, kuma a shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Lungunansa ƙanana ne, mota ba ta shiga, sai keke da babur. Duk wanda ya girma a Nima ko Aboabo ba zai tsorata da lungu ba, amma fa sai ya ɓata. Idan hakan ta faru a nemi hanyar bakin teku, ko a tambayi dattijan da ke zaune kan dakali, wanda su ke kira baraza. Matambayi ba ya ɓata.

A tsaya a dubi ƙofofin gidaje. Katako ne mai kauri da aka sassaƙa da furanni da igiyoyi, wasu da ayoyin Alƙur'ani a samansu, wasu kuma da manyan ƙusoshin tagulla irin na Indiya. A dā ƙofa ita ce ke nuna matsayin mai gida, kamar yadda zanen soro yake a tsofaffin biranen Hausa.

A bakin teku akwai tsohuwar ganuwa, Ngome Kongwe, wadda Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 bayan sun kori Fotugis. Kusa da ita akwai Baitul Aja'ib, gidan da Sarki Bargash ya gina a 1883, gini na farko a tsibirin da aka sa wa lantarki. A nan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar Sarki ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, aka gama yaƙin cikin ƙasa da awa guda, yaƙi mafi gajarta da tarihi ya rubuta. Wani sashe na Baitul Aja'ib ya rushe a Disamba 2020, kuma lokacin zuwanmu a rufe yake ana gyara, daga waje muka kalle shi. Kada a bar birni ba a shiga kasuwar Darajani ba, da sassafe, lokacin da ake gwanjon kifi.

Masallatai a wannan ɗan birni sun kusa 50. Abu biyu za su ba mutumin zango mamaki. Na ɗaya, alƙiblarsu arewa take, domin Makka tana samansu sak, saboda haka kada a shiga ɗakin otal a fuskanci gabas bisa al'ada. Na biyu, yawancinsu mazhabar Shafi'i suke bi: liman yana bayyana Bisimilla, kuma a sallar asuba ana yin ƙunutu a bayyane hannuwa a sama. Akwai kuma masallatan Ibadawa, zuriyar Oman. A bi liman a yi salla, babu wanda zai tambayi baƙo takardarsa.

Inda aka sayar da mutane

Akwai wuri guda a cikin birni da muke roƙon kowa ya je, ko da kuwa ba shi da daɗin gani. A unguwar Mkunazini ne kasuwar bayi take. A ƙarni na 19 ana kamo mutane daga can cikin ƙasa, daga yankin manyan tafkuna har Kwango, a ɗora musu hauren giwa su taka har bakin teku, a tsallako da su nan a sayar. Wasu a kai su gonakin kanumfari na Unguja da Pemba, wasu a wuce da su ƙasar Larabawa da Farisa. A 1873 Ingila ta matsa wa Sarki Bargash ya rufe kasuwar, aka gina cocin Anglika a filin. A harabar cocin akwai gumaka a cikin rami da sarƙa a wuyansu, da ɗakin baje tarihi mai bayani filla-filla. Rufe kasuwa bai kashe sana'ar nan take ba. A Mangapwani, arewa da birni, akwai ɗakin da aka haƙa cikin dutse inda ake ɓoye bayi bayan hani, kuma ba a soke bauta a dokar tsibirin ba sai 1897.

Mu malamai mun saba kai yara Elmina da Kef Kos, mu nuna musu abin da Bature ya yi. A Zanzibar labarin ya fi matso mu. Manyan fataken bayi na nan, irin su Hamad bin Muhammad da aka fi sani da Tippu Tip, wanda ya rasu a 1905 kuma gidansa yana nan cikin birni, Musulmi ne masu salla da azumi. Mu ma muna da Salaga, inda ayarin kakanninmu ke sayen goro, kuma a kasuwa ɗaya ake cinikin mutane, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, jama'arsa suka bazu zuwa Kete Krachi da sauran zanguna. Har yau a wasu gidajenmu akan bincika asalin yaro idan ya zo neman aure, a yi raɗa a ce jinin bayi ne. Wanda ya tsaya bakin ramin Mkunazini ya ga sarƙar nan, da wuya ya koma gida ya sake furta irin wannan magana. Iyaye masu tafiya da yara su kai su wurin, su bar su su yi tambaya.

Gonakin kayan ƙamshi

Kowace safiya a zango ana dama koko da citta da barkono da kanumfari, amma mu nawa ne muka taɓa ganin itacen kanumfari? A ƙauyukan Kizimbani da Kidichi, tafiyar kamar rabin awa daga birni, akwai gonakin da ake zagayawa da baƙi. Nan muka ga ashe kanumfari toho ne na fure, ana tsinke shi kafin ya buɗe, a shanya a tabarma kwanaki har ya yi baƙi-baƙi. Itacen dogo ne, sai an hau. An kawo shi tsibirin a farkon ƙarni na 19, kuma cikin ɗan lokaci Zanzibar ta zama kan gaba a duniya wajen nomansa. Yanzu Indunusiya ta wuce ta nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan wanda ake nomawa a nan daga Pemba yake fitowa. Su suna kiransa karafuu, mu kanumfari, duka daga kalmar Larabci guda.

Za a nuna muku kirfa, wadda ɓawon itace ce, da gyaɗar ƙamshi a cikin 'ya'yanta, da masoro yana yaɗo a jikin wata bishiya, da kurkum da banila. Yaran gona sukan hau kwakwa su saro muku, su saƙa muku hula da ganye. Albashinsu kyautar baƙi ce, a tanadi 'yan canji dominsu. Tsarabar kayan ƙamshi kuwa ta fi araha a Darajani fiye da bakin gona, kuma ana ciniki kamar yadda muka saba.

Teku da sharaɗinta

Yanzu ga abin da ya kai yawancin mutane can, wato bakin teku. Gaskiya rairayin fari ne tas kamar garin masara, ruwan kuma garau har ana hango ƙasa. Amma bakin tekun nan iri biyu ne, kuma rashin sanin haka ya sa da yawa sun yi asarar kuɗin ɗaki.

A gabas, wajen Paje da Jambiani da Matemwe, ruwa yana janyewa sau biyu a yini, ya yi nisan da a wasu wurare ya kai kilomita, ya bar fili fetal, sa'an nan ya dawo. Kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Janyewar da cikowar sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, saboda haka mai lissafin watan Musulunci ya riga ya san rabin labarin. A arewa kuwa, wajen Nungwi da Kendwa, bakin yana da zurfi, ana iya wanka kusan kowane lokaci, sai dai can ne cunkoson otal da kiɗan dare da mashaya suka fi yawa. Mai iyali da ke son natsuwa ya nufi gabas. A Nungwi abin da ya fi burge mu shi ne masassaƙa jiragen katako, suna aiki da gizago da kurfi a ƙarƙashin inuwa kamar yadda kakanninsu suka yi.

Idan ruwa ya janye a gabas za ku ga mata sun shiga har gwiwa suna ɗaura ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku. Mwani suke kiranta. An fara wannan noma a ƙarshen shekarun 1980, ana busar da ita a sayar wa 'yan kasuwa su kai ƙasashen waje, inda ake sa ta cikin man goge baki da kayan abinci. Da kuɗinta mata da yawa ke biyan makarantar yara, ga shi kuma ɗumamar ruwa tana kashe musu ita. Wasu ƙungiyoyinsu suna yin sabulu da ita. Wanda ya sayi sabulun daga hannunsu ya yi tsarabar da ta fi ta kantin otal albarka. Kada a taka gonarsu, kada kuma a ɗauke su hoto ba da izini ba.

Sai gargaɗi, kuma a nan ba mu da wasa. Yawancinmu 'yan zango ba mu iya ruwa ba, ruwa kuma ba sa'an kwando ba ne. Mai takawa cikin filin da ruwa ya bari ya tambayi masunta yaushe zai dawo, domin yana cika ramuka ta bayan mutum kafin ya ankara. A sa takalmin roba saboda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke kwance cikin duwatsu. Duk kwalekwalen da za a shiga, ko na zuwa kallon kifi a wajen Mnemba da tabarau da bututun numfashi, ko na yawon faɗuwar rana, a ce sai an ba da rigar hana nutsewa, a sa ta tun daga gaɓa. Idan aka ga an cika jirgi fiye da kima, a sauka a jira wani. A Satumba 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba saboda lodi ya yi masa yawa, ɗaruruwan mutane suka halaka. Wani dattijo mai kwalekwale ya dube mu ya ce, "Mwalimu, wanda ya ji kunyar sa riga a gaban mutane, teku ba ta jin kunyarsa."

Daji da ƙananan tsibirai

A kan hanyar zuwa gabas akwai dajin Jozani, inda ake ganin jan birin da babu irinsa a ko'ina a duniya sai Zanzibar. Sun saba da mutane, amma an hana taɓa su ko ba su abinci. A gefen dajin an yi gadar katako da ke ratsa itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Awa biyu sun isa.

Can kudu akwai Kizimkazi. Baƙi suna zuwa don kallon kifin da ake kira dolfin, amma yadda wasu masu kwalekwale ke bin su da inji a guje bai kwanta mana ba. Abin da ya kai mu shi ne tsohon masallacin garin. A jikin mihirabinsa akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107 Miladiyya, ko da yake an sake yawancin ginin a ƙarni na 18. Har yanzu ana salla a cikinsa. A nemi mai kula da shi, a shiga da alwala, a ajiye sadaka.

Daga bakin birni kuma, tafiyar kamar rabin awa a kwalekwale, akwai tsibirin Changuu. An gina kurkuku a kansa a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cuta. Yanzu manyan kunkuru ne ke zaune a wurin, zuriyar waɗanda aka kawo kyauta daga tsibiran Seshel a 1919. Wani ya fi buhun masara girma, kuma wasunsu sun haura shekara ɗari.

Ci da sha da zama da mutane

Maganar halal ba ta da wuya a cikin gari, amma a manyan otal na bakin ruwa a tambaya. Da magariba lambun Forodhani yakan cika da masu gashi. A tambayi kuɗi kafin a ci, a zaɓi wanda aka gasa a gaban ido, kada a karɓi kifin da ya daɗe a kan tebur. A ɗanɗana urojo, wato romo mai tsami da dankali da wani abu kamar ƙosai da tsire a ciki. Akwai pilau da biriyani masu ƙamshin kanumfari, da ruwan rake da citta da lemun tsami, da gahawa mai ɗaci da ake sha da halawa a kan dakali. Mai ƙarfin hali ya gwada pweza, wata halittar ruwa mai hannu takwas, a miyar kwakwa.

Harshensu Suwahili ne, kuma Bahaushe zai riƙa tsintar kalmominsa a ciki: dunia, habari, sabuni, kalamu, asubuhi, alasiri, Alhamisi, Ijumaa. Malami shi ne mwalimu, laƙabin da suke kiran Julius Nyerere da shi. Ana gaida babba da shikamoo, ya amsa da marahaba. Na gode shi ne asante, nawa ne kuma bei gani. Sallama kuwa ita ce mabuɗin kowace ƙofa. Amma a kula da agogonsu: suna fara ƙirga awa daga wayewar gari, saboda haka saa moja, wato awa ɗaya, ƙarfe 7 ne na safe, saa tatu kuma ƙarfe 9. Idan direba ya ba da lokaci, a sa shi ya nuna a fuskar agogo.

Motar haya ta talakawa sunanta daladala, 'yar'uwar trotro ce, tana tashi daga wajen Darajani, kuɗinta kaɗan ne amma sai haƙuri. Taksi kuwa a yi ciniki kafin a shiga. Akwai samarin da ke manne wa baƙo a bakin tasha da bakin ruwa, masu gari suna kiransu papasi, wato kaska. Ba faɗa ake yi da su ba, a ce asante a wuce, a nemi ɗan jagora mai katin hukuma. Tufafi kuwa, shigarmu ta gida ita ce daidai: riga da hula ga maza, mayafi ga mata. Mutanen gari suna jin zafin masu yawo tsirara a lungunansu. Kada a ja su da maganar 1964 ko ta haɗewa da Tanganyika, domin an zubar da jini a wancan lokaci kuma ciwon bai warke a wasu gidaje ba. A kuma yi tsimin ruwan wanka, domin ƙauyukan da ke bayan otal da yawa suna fama da ƙarancin ruwan sha.

Yadda za a raba kwanaki

Ga mai kwana bakwai, ga shawararmu. Kwana biyu a Birnin Dutse, a haɗa da Mkunazini da Darajani da Changuu. Rana ta uku gonakin kayan ƙamshi da Mangapwani. Rana ta huɗu a bi ta Jozani a sauka gabas, a yi kwana biyu a Jambiani ko Paje, daga can a leƙa Kizimkazi. Kwanan ƙarshe a dawo birni don tsaraba: kanumfari da kirfa ga iyaye mata, zanen kanga ga uwargida, hular kofia ga liman. A shirya yadda Juma'a za ta riski mutum a cikin birni. A sauka a ƙananan masaukai na 'yan gari, a ci abinci inda suke ci, domin ta haka ne kuɗin da aka sha wahalar tarawa zai shiga hannun masu buƙatarsa, kuma ya fi auki.

Abu na ƙarshe, kada kowa ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin makarantar yara saboda wannan tafiya, kada kuma ya gabatar da ita a kan farali. Tsibirin yana nan, ba inda za shi. A yi adashi, a haɗu uku ko huɗu a raba kuɗin ɗaki da na mota. Malamai 'yan'uwanmu da suka samu zuwa su dawo wa ɗalibansu da kanumfari a hannu da taswira a allo, su nuna musu inda ya fito da waɗanda suka noma shi. Allah ya hore wa mai niyya, ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.